Ƙurar da Ta Ƙi Bin Lissafin Farfesa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidan da yara. Yaya gwiwar Inna? Kin ce da sauƙi, amma na san Inna, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya cewa za ta yi da sauƙi. Ki duba min da idonki. Mu nan lafiya lau. 'Yar tawa, takwararki, ta fara rubuta sunanta, sai dai akwai harafi ɗaya da kullum baya yake kallo.

Na ga tsiyar da kika yi min, wai ni da ban taɓa ɗaukar tsintsiya da daɗin rai ba, ga shi na ƙare a digirin ƙura. Na ji, na haɗiye. Tunda kin ce in yi bayani yadda za ki iya gaya wa Inna, to saurara.

A ɗakin gwajinmu akwai wata tukunya ta ƙarfe, girman bokitin wanka, da tagogin gilashi a gefenta. Mukan zuƙe iskar cikinta da famfo, mu saka gas kaɗan, mu kunna masa lantarki. Sai ya kama haske shuni-shuni mai kyau. Wannan iska mai haske ita ake kira filasma. Daga nan mu yayyafa ƙura daga sama. Ba irin ta ƙarƙashin gadona ba ce, kafin ki faɗa. Ta roba ce, a kwalba take zuwa, ta fi hodar shafa laushi, kowace ƙwaya daidai da 'yar'uwarta. Da ta faɗa cikin hasken nan sai ta ɗauki caji, kamar yadda matajin roba ke ɗauka in kin goga shi a gashi har ya ɗago guntun takarda. Saboda cajin ba ta faɗuwa ƙasa. Tsayawa take cak a iska, layi-layi, kowace ƙwaya ta ba maƙwabciyarta tazara. Mu haska su da jan haske, kyamara tana ɗauka. Aikina shi ne in auna cajin da kowace ƙwaya ta ɗauka. Nakan motsa wutar in sa su rawa sama da ƙasa, daga yanayin rawar nake gane shi. In Inna ta tambayi amfaninsa, ki ce masu ƙera 'yan hanjin waya da irin wannan filasma suke aiki, kuma ƙura ce babbar abokiyar gabarsu.

Mai ɗakin gwajin shi ne Farfesa. Yaya, da za ki ga mutumin nan da kin yi dariya har kin zauna. Tun yana da gashi a ka ya rubuta wani lissafi da ke cewa cajin ƙwaya ba ya canzawa, ko ita kaɗai ce ko cikin taro take. Tun daga ranar bai ƙara gano komai ba, sai ƙiba. Ya sa an yi wa lissafin firam, ya rataye shi a ofis tsakanin hotunansa yana gaisawa da manya, waɗanda duk wani wajen suke kallo. Farar rigarsa ta aiki tana nan cikin ledar mai wanki, ba ta fitowa sai baƙi sun zo. Rannan ya shigo da wasu baƙi, ya dafa famfon zuƙar iska ya ce musu ita ce kyamara. Duk muka sunkuyar da kai.

Ƙanin naki kuwa, mijin nawa Dakta, shi ne ɗan amshinsa. Farfesa bai gama ba da labarin ban dariya ba, shi ya riga ya fara ƙyaƙyatawa. Ba na ganin laifinsa sosai, kujerar mataimakin Farfesa yake nema, kuma kin san mai nema yana tare da sunkuyo.

Yanzu ga labarin. Kwanakin baya hannuna ya zarce, na zuba ƙura fiye da kima. Maimakon in kashe in sake, sai na ce bari in auna a hakan. Cajin ya ragu, Yaya, ba kaɗan ba. Na ƙara ƙura, ya ƙara raguwa. Na rage, ya dawo. Ashe in sun yi yawa rabon ba ya isarsu, kamar yara goma a kan kwano ɗaya. Na yi ta maimaitawa har na gaji, ba ta sauya zani ba. Ran Asabar na jawo Dakta na zaunar da shi, ya auna da hannunsa. Tsalle ya yi, ya kama hannuna yana cewa, “Wallahi kin gama digirinki! Wannan ai duniya za ta ji.” Rabon da in ga idonsa yana ƙyalli haka tun muna ɗalibai.

Sai da muka shiga mota murnar ta koma ciki. Muna tsaye a danja ya ce in bar maganar tukuna, sai an gama zancen kujera. Na ce ƙura ba ta san da kujera ba. Ran Laraba akwai taron mako, zan nuna.

Ki gaishe min da Inna da mai gidan, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Auta


Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗin jin Inna ta yarda ta ga likita, Allah Ya saka miki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne ya ƙi riƙe biro don haushi.

Na nuna, kamar yadda na ce. Muna zaune a ɗakin taro, dogon tebur, Farfesa a can kai yana juya shayinsa da cokali. Na haska hotunan a bango, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai suka miƙe wuya. Shi kuwa bai ɗaga kai ba sai da na kai inda layina ya rabu da layin lissafinsa. Nan cokalin ya tsaya.

Murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa yaron da ya sa takalmi a juye. Ya ce, “'Yata, lissafin nan ya girme ki. Tukunyarki ce ke yoyo, iska na shiga.” Na ce na gwada, ba ta yoyo. Ya ce to gilashin ne ya yi datti. Na ce na wanke. Ya ce mai raino da girki da karatu a lokaci guda dole hankalinta ya rabu, ba laifi ba ne. Mutumin da bai san famfo daga kyamara ba, shi ke gaya min inda hankalina yake!

Duk wannan bai dame ni ba. Tsoho ne yana kare abin da ya mallaka, kuma abu ɗaya tak ya mallaka. Amma sai ya juya ya ce, “Dakta, kai da ka fi kowa sanin tukunyar nan, me ka gani?”

Yaya, mutumin da ya yi tsalle. Mutumin da ya auna da hannunsa, yatsarsa a kan maɓallin. Ya gyara zaman tabarau, ya yi gyaran murya, ya dubi tebur, ya ce shi ma ya daɗe yana zargin akwai ɗan yoyo ta wajen murfi.

Ban san lokacin da na zauna ba. Wata ɗaliba da ke gefena ta matse min hannu ta ƙarƙashin tebur. Kin san dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Nan take Farfesa ya yanke hukunci. An karɓe tukunyar daga hannuna an ba Dakta, wai ya gyara yoyon. Ni kuma an tura ni koyar da 'yan aji ɗaya yadda ake auna tsawon waya, har sai hankalina ya dawo jikina. Kundin digirina yana kan teburinsa, sai ya sa hannu zai wuce, kuma ya tabbatar na gane hakan ba tare da ya faɗa ba.

A gida Dakta ya biyo ni har kicin yana bayani. Wai dabara ce. Wai in ya hau kujera shi zai fito da aikin da ƙarfinsa. Wai ban san siyasar wurin aiki ba. Wai ai bai ce akwai yoyo ba, cewa ya yi yana zargi. Kin ji malamin nahawu! Ina yanka albasa ina kallonsa, ina mamakin yadda mutum mai tsawo haka zai iya zama ƙarami. Na ce masa ya matsa, yana tare min haske.

Na san abin da za ki rubuto: haƙuri, zaman aure, kowane namiji da irin rauninsa. Na riga na faɗa wa kaina duka, don haka ki huta. Kada ki gaya wa Inna, hawan jininta ya ishe ta.

Takwararki na gaishe ki. Ta ce ki aiko mata da hoton kyanwarku.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya ruwan saman da kika ce ya hana ku sakat? Allah Ya sa rufin bai sake zuba ba. Hoton kyanwa ya iso, yana ƙarƙashin matashin takwararki.

Zauna da kyau, domin wannan ko a mafarki ban zata ba.

Dakta ya shafe watanni yana neman yoyon da ya san babu. Ya canza robar murfi, ya canza gilashi, ya shafe duk wata mahaɗa da man toshiya. Duk lokacin da ya zuba ƙura da yawa, cajin sai ya faɗi. Ka ce yana tsammanin ƙura ma za ta ji kunyar Farfesa. Sai ya koma yayyafa 'yar kaɗan, ya auna, ya kai wa ubangidansa sakamako mai daɗin ji, a shafa masa kai.

Ana cikin haka Farfesa ya tafi wani babban taro. A can ya ji ƙishin-ƙishin cewa masana a wani ɗakin gwaji mai nisa sun fara ganin abin da na gani, suna shirin bugawa. Ya dawo kamar an jona shi da wuta. Ko jakarsa bai ajiye a gida ba, ya tara mu, ya sanar da cewa ya daɗe yana jin a jikinsa lissafinsa na da kashi na biyu. Ya ce tun yana saurayi ya hango cewa in ƙura ta yi cunkoso cajin zai ragu, lokaci kawai yake jira. Ya faɗi haka ina zaune a gabansa, a kujerar da na zauna rannan. Ko ƙifta ido bai yi ba. Yoyon ya toshe kansa, Yaya, ba wanda ya ƙara ambatonsa.

Cikin gaggawa aka haɗa takardar da za a aika wa mujalla. Hotunana ne, awona ne, har da ɗan kuskuren da na yi wajen rubuta kan jadawali. Kura da shan bugu, gardi da kwashe lada. Sunan Farfesa a farko, na Dakta a biye. Na duba sama, na duba ƙasa. Can a ƙarshe, wajen godiya, bayan an gode wa masu kula da wutar gini, sai na ga: ana godiya ga uwargidan Dakta saboda haƙurinta.

Uwargidan Dakta! Saboda haƙurinta!

Na tambaye shi wa ya rubuta wannan layi. Ya ce Farfesa ne ya so a cire ni gaba ɗaya, shi ya yi ta roƙo har aka sa wannan. Yana faɗa yana ɗan murmushi, yana jiran in gode masa. Wai in sunana ya fito, za a ce Farfesa ya yi kuskure ranar taro, kuma babba ba ya kuskure a gaban ɗalibai. Wai in kwantar da hankalina, za a sa min hannu a kundi in an ba ni wani ɗan aikin daban.

Washegari na tafi ofishin Shugabar Tsangaya na kai ƙara. Kada ki ɗauka waliyyiya ce. Shekara da shekaru suna gaba da Farfesa a kan wurin ajiye mota a inuwa, kuma da na fara magana na ga tana lasar leɓe. Ban damu ba. In gidanka na ci da wuta ba ka tambayar tsarkin ruwan da aka miƙo maka. Ta dakatar da takardar, ta kafa kwamiti.

Matsalar ita ce kwamfutar ɗakin gwaji ta kowa ce, ba ta nuna wa ya yi me. Ɗaliban da suka ga abin da ya faru duk kundinsu na kan teburin Farfesa, ba zan ja su cikin ruwa ba. Shaida ɗaya ya rage min a duniya, kuma da shi nake kwana ɗaki ɗaya.

Ki sa ni a addu'a.

Auta


Zuwa ga Yayata,

Sallama irin ta kullum, da fatan kowa lafiya. Na ji Inna ta fara takawa har bakin ƙofa ba sanda, alhamdu lillahi. Na gode da addu'a, da kuma faɗan da kika haɗa min da ita. Na karanta duka biyun.

An gama. Bari in bi miki daki-daki.

Ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zauna, aka liƙa sanarwar sabon mataimaki a allo. Ba Dakta ba ne. Ƙanin matar Farfesa ne, wani mai sanƙo da ya dawo daga karatu kwanan nan, wanda bai taɓa ganin filasma ba sai a littafi. Shekarun dariyar dole, da ɗaukar jaka, da wanke motar da ba tasa ba ranar hutu, da sayar da matarsa a gaban ɗalibai, duk sun tafi a banza. Na tarar da shi tsaye gaban allon yana karantawa yana sake karantawa, ko sunan zai canza.

Da yamma ya shigo gida ya zama zaki. Wai zalunci ba zai ɗore ba. Wai kimiyya amana ce. Wai mu haɗa kai ni da shi mu tona asirin tsohon nan, duniya ta san gaskiya. Ya buga tebur har kofin takwararki ya kife. Na ce, “Sannu da zuwa, Dakta. Yaushe ka ga gaskiyar, kafin a liƙa takarda a allo ko bayan an liƙa?” Sai ya tafi neman tsumma.

Ranar zama, mutum uku ne a kwamitin, da Shugabar Tsangaya a tsakiya ta sha kwalliya kamar ita ce mai ƙara. Farfesa ya fara magana, ya yi ta zuba, ya ba da tarihin rayuwarsa tun daga firamare. Wani ɗan kwamiti ya tambaye shi yadda ake sa ƙwayoyin rawa don a auna su. Ya ce wannan ƙananan bayanai ne, yaransa ke kula da su. Aka ce ya fita ya jira a waje. Ya tashi da ƙyar, ya bar kujerarsa a ture, da hularsa a kan tebur.

Sai aka kira Dakta. Ya shigo da kwat ɗinsa mai kyau. Aka yi masa tambayoyi biyu kacal: wa ya fara ganin raguwar cajin, kuma akwai yoyo ko babu?

Yaya, ga abin da ya hana ni sukuni. Mutumin nan an riga an hana shi kujera. Ba shi da sauran abin da zai rasa. Farfesa ba ya ɗakin. Ni ina zaune gabansa, uwar 'yarsa. Amma kafin ya buɗe baki, sai da ya juya ya dubi kujerar Farfesa, wadda ba kowa a kanta. Ya dube ta kamar mai neman izini. Sannan ya faɗi gaskiya, cikin 'yar siririyar murya, cewa ni ce, kuma babu yoyo, bai taɓa kasancewa ba.

Kwamiti ya yanke cewa sunana ne farko a takardar. An mayar min da tukunyata, an ba wani malami kundina ya duba. Farfesa kuwa, kada ki ɗauka wani abu ya same shi. A rahoto an rubuta cewa rashin fahimta ce aka samu wajen jera sunaye. Sunansa na nan a ƙarshe a matsayin mai ɗakin gwaji, kuma na ji yana gaya wa baƙi cewa shi ya raini yarinyar da hannunsa. Shugaba ta samu wurin motarta a inuwa. Kowa ya samu abin da ya zo nema.

Dakta ya dawo gida da kwalin kek, yana fara'a, yana cewa mun yi nasara. Mun! Ya ba takwararki labarin yadda babanta ya tsaya gaban manya bai ji tsoro ba, ita kuma tana tafa masa. Ban ƙaryata shi a gabanta ba. Na yanka kek ɗin na ba ta, na ce ni na ƙoshi.

Na yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Na tuna wa kaina cewa ba ya zagi, ba ya duka, yana yi wa 'yarsa wanka, yana tuna maganin Inna kafin ni. Amma in ya yi min magana yanzu, ko gishiri ya ce in miƙo, sai in ji ina son in waiga in ga wa yake kallo a bayana. Da haushinsa nake ji da sauƙi, haushi yana hucewa. Wannan abin ban san sunansa ba, kuma kullum ƙara zama yake yi.

Za a yi wa su takwararki hutu ƙarshen watan nan, ni ma rubutu ya rage min, ko'ina zan iya yinsa. Za mu zo. Ki gyara mana ɗakin baya, ki ce wa Inna kewarta ce ta kawo mu, ba ƙarya ba ne. Ya tambaye ni ranar da za mu dawo don ya zo tasha ya ɗauke mu, na ce zan sanar da shi. Ke ma kada ki tambaye ni, don ban sani ba.

Ki gaishe da mai gidan da yara. Sai mun iso.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta